Kubewa a Kan Farantin Sola

Soron gidanmu na Wudil ba wani babba ba ne. In ka hau samansa, tabarma huɗu ce za ta shimfiɗu, sai ɗan abin da ya rage a gefe wanda mutum zai taka ya wuce. Babana ne ya daɓe shi da siminti tun ina firamare, don ya gaji da yaɓe duk gabanin damina, kuma tun ranar da simintin ya bushe Inna ta karɓe wurin. Ba wanda ya ba ta, ba kuma wanda ya isa ya ce ta sauko. A nan take shanyarta, kubewa da tumatir da barkono, wani lokaci har da zoɓo. Sauran matan unguwa aike suke yi a hau musu, ita kuwa da ƙafarta take taka tsani, wai ba kowa ne ya san bambancin abin da ya bushe da wanda ya yi laushi kawai ba.

Har yau in na ji ƙanshin busasshiyar kubewa a turmi sai in gan ta a can sama, zani ɗaure a ƙirji, mayafi a ka, tana baza yankakkiyar kubewa da tafin hannu. Da damina daga gonar kawunanmu ta Dagumawa ake kawo mata, da rani kuma daga lambunan bakin kogi. Ranar Juma'a, in kasuwa ta ci, matan Kausani sukan biyo ta gidanmu da kwanukansu kafin su kama hanya. Da kubewar nan aka saya min takalmin makaranta na farko mai igiya, na kuwa kwana da shi a ƙafa.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce min, in kuma ta so tsokana ta ce "malamin makaranta". Maganarmu ba ta tsawo. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, zuciyata kuma a kusa take, wannan ko ɗalibaina na Lajawa za su shaide ni. Sai in yi ta zuba, ita tana jina, in na gama ta ce "to", ta tashi ta yi abin da ta yi niyya tun farko.

Lokacin da sojoji suka koma bariki ba wanda ya kai Baba murna. Ya ce yanzu da farar hula suka dawo wuta za ta zauna, don mai neman ƙuri'a ba zai bar mutane cikin duhu ba. Ya je har Kano ya sayo fanka mai tsayuwa da ƙafarta, ya kafa ta a ɗakin Inna. Allah ya jiƙan Baba, bai fi a ƙirga ranakun da fankar nan ta yi masa juyi ba kafin ya rasu. Duk zaɓe sai motoci sun zagaye gari da lasifika ana alkawarin wuta, a kawo ta kwana biyu, a ɗauke ta mako guda. Inna ta samu tsohon zani ta lulluɓe fankar, ta ci gaba da amfani da mafici.

Bayan rasuwarsa sai na lura hawan soron ya ƙaru. Da sau biyu take hawa, safe ta baza, yamma ta kwashe. Yanzu ya zama ko shanya ba ta taka kara ta karya ba, ko barkono ne cikin faifai guda, sai ta hau da shi. Ga gwiwoyinta sun fara ciwo, in za ta tashi daga zaune sai ta dafa bango. Wata Asabar ina tsakar gida ina wanke babur na ga ƙafarta ta goce daga tsanin, ta rataye da hannu ɗaya kafin ta sake samun wurin takawa. Na yi faɗa a ranar har maƙwabta suka ji. Na ce wace irin kubewa ce ta fi ƙashin mutum, na ce ina ce muna da abin da za mu ci, na ce in ta faɗo ta karye me zan gaya wa 'yan'uwanta. Ta bari na gama, ta ce, "To." Washegari da hantsi tana sama.

A shekarun nan ne sola ta fara shigowa Wudil. Wani abokin karatuna, wanda ya gaji gyaran rediyo daga mahaifinsa, ya koma sayar da ita a shagonsa na kusa da gada. Bazara ta kama, zafi ya kai inda Inna take jiƙa zani ta yafa kafin ta samu barci, sai na ce bari in je in ga ko fankar Baba za ta samu ranarta.

Ya jingina min faranti biyu a bangon shago. Ɗaya baƙi wuluk, ɗaya shuɗi mai walƙiya.

"Malam, ga su nan," in ji shi. "Baƙin nan ya fi jan rana, bai kuma cin wuri. Biyu sun ishe ku fanka da fitila da cajin waya. Shuɗin ya fi sauƙin kuɗi, amma kafin ya yi aikin waɗancan biyun sai ka sa uku, ga shi da faɗi."

"In aka sa huɗu fa, za su cinye soronmu?"

"Ƙaf. Amma ai uku sun isa."

"Huɗu za ka sa."

Ya dube ni, don ya san gidanmu, ya ci tuwon Inna da miyar kubewa ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Shanyar Inna fa?"

"Saboda ita ce," na ce masa. "Ka yi aikinka kawai."

Ni a raina na yi dabara. Ba zan sake faɗa da mahaifiyata ba, ba zan ce mata kada ta hau ba. Wurin ne kawai zai ƙare, hawan ya mutu da kansa.

Ita kuwa da na gaya mata za a sa sola a kan soro sai ta ce a kawo ta gani tukuna. Mai solar ya ɗauko guda daga kowane iri ya shigo da su tsakar gida. Suka gaisa, ta tambaye shi iyali da mahaifiyarsa da kasuwa, ya durƙusa yana amsawa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da tabarmar shanyarta, ta warware ta a jikin shuɗin, ta sake warware ta a jikin baƙin.

"Wannan mai ruwan shunin tabarma guda ce cur," ta ce. "Baƙin bai kai ba. Nawa za a sa?"

Na ce, "Shuɗin huɗu."

"In baƙin ne fa?"

Mai solar ya ce, "Biyu, Inna," kafin in harare shi.

Ta juya ta dube shi sosai. "Tsakaninka da Allah, ɗan nan, wanne ya fi?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da wayar da ke hannunsa, ya ce, "Inna, kowanne da amfaninsa."

Nan na yi tsalle na shiga. Na ce ai ita ma ta san baƙin kaya, in ka sa baƙar riga da rana sai ka gasu. Na ce baƙin farantin nan zai tara zafi ya sauke mata a ɗaki, fankar ma ta rasa abin da za ta yi. Ƙarya ce tsagwaronta, a nan take na ƙirƙire ta, na kuma ji daɗin yadda ta fito sumul. Inna ta naɗe tabarmarta a hankali, ta ce, "To. Kai ka yi boko."

Aka sa shuɗi huɗu a kan ƙarafa, kusan a kwance, an ɗan karkata su kudu. Suka rufe soron, ba abin da ya rage sai siririyar hanya ta gefe da 'yar kusurwa a gabas. Tsanin dai aka bar shi, don mai solar ya ce sai ana hawa ana goge gilashin lokaci-lokaci. Da yamma na yaye zanin da ke kan fankar Baba, na danna, ta fara juyi. Ba zan ɓoye ba, sai da na yi ƙwalla. Inna ta zauna a gabanta, iska tana kaɗa mayafinta, ta ce, "Allah Sarki, mai gidan nan."

Mako biyu abin yana tafiya daidai. Ina fita Lajawa da sassafe, in dawo bayan la'asar, in tarar da Inna a ɗaki ko a gindin murhu, ba tabarma, ba faifai. Na yi ta yaba wa kaina. Har a ɗakin malamai na ba da labari, na ce tsofaffi ba a yi musu da ƙarfi, da hikima ake bi da su.

Sai wuta ta fara gajiya. Kafin a idar da sallar magariba fitila ta yi ja, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin yunwa, can ta tsaya. Na duba batir, na duba wayoyi, ban ga komai ba. Na tambayi matata ko suna jona wani abu da rana, ta ce a'a, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ranar wata Juma'a da ba makaranta na tafi shagon abokina, kasuwa cike, na tsaya a bakin ƙofa na yi masa tatas. Na ce ya sayar min da gilashin taga ya ce sola ce. Na ce da na san haka yake sana'a da na bar shi da rediyoyinsa. Mutumin kirki ne. Ya rufe shago, ya hau bayan babur ɗina muka taho.

Rana tana tsaka muka iso. Shi ya fara hawa tsanin. Da ya leƙa saman soron sai ya tsaya cak, kafaɗunsa suka fara rawa, ya riƙe tsani da hannu biyu don kada dariya ta kayar da shi.

"Malam," ya ce, "hau ka ga gilashin tagarka."

Na hau. Farantai huɗun nan, daga wannan gefe zuwa wancan, an baje su da yankakkiyar kubewa. An baza ta daidai wa daida, ba inda ta taru, irin bazawar da hannu ɗaya kawai na sani yana yi. Ko tafin hannu na shuɗin ba a gani. Ashe da na fita take hawa, kafin in dawo ta kwashe ta goge gilashin tas.

Na sauko ina huci. Tana zaune a inuwa tana tsince wake, ko a jikinta.

"Inna, kubewa a kan sola?"

"Ya ma fi tabarma," ta ce. "Ba ƙasa, ba tsakuwa, yini guda ta bushe. Ka ce rana yake sha, ita ma kubewar rana take sha. Na ga ranar ta ishe su su biyu."

Mai solar ya juya baya yana tari. Ni kuwa kunyar zagin da na yi masa a kasuwa da tsoron faɗuwarta suka haɗu suka hau min kai. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in nemi gafarar Allah. Na ce taurin kai ne, na ce so take ta mutu a gindin tsani mutane su ce ɗanta ya kasa riƙe ta. Na hau na kwashe kubewar a buhu, na sauko, na ciccibi tsanin na kai shi gidan maƙwabcinmu, na ce kada ya ba kowa sai ni. Wannan karon ko "to" ɗin ba ta ce ba.

Wuta ta dawo garau. Fanka tana juyi tun safe har safe, fitila fes. Inna tana zaune a gaban fankar, hannu a cinya. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. In na gaishe ta ta amsa, in an kawo abinci ta taɓa kaɗan ta ture. Matan Kausani suka zo da kwanukansu, ta ce musu babu, ba ta ko fito ba. Cikin 'yan kwanaki sai na ga wuyanta ya zurma. Na ce ko asibiti za mu je, ta ce lafiyarta ƙalau.

Matata ce ta tare ni wata safiya ina shirin fita. Ba mai yawan sa baki ba ce tsakanina da Inna, tana jin nauyinta ƙwarai.

"Malam, na san tana hawa, ni nake riƙe mata tsanin," ta ce. "Ka yi haƙuri da ban faɗa maka ba. Amma baza kubewa ba ya ɗaukar lokaci. In ta gama takan daɗe a can, a kusurwar gabas, ina jin ba motsi. Ka taɓa tsayawa a wurin ka duba?"

Ban je makaranta da wuri ba ran nan. Na karɓo tsanin, na hau, na bi siririyar hanyar nan a karkace, ina dafa ƙarfe, har na kai kusurwar. Wurin da ƙyar zai ɗauki mutum ɗaya. Akwai 'yar kujerar tsuguno a ajiye, an matse ta tsakanin faranti da bango. Na yi tunanin yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa take ratsa wannan matsatsin kullum, ga gefen soro a buɗe, kuma ni na matse shi. Na zauna a kan kujerar don in ga abin da idonta yake gani.

Rufin maƙwabta ne da farko, sai hasumiyar masallacin unguwa, sai wani ɗan fili tsakanin gidaje biyu. Ta cikin filin nan ana hango katangar maƙabarta, da tsamiyar da ke ciki. A gindin tsamiyar nan muka sa Baba. Ni na sa shi a ramin da hannuna, ina kuma zuwa duk Juma'a in yi masa addu'a in dawo, ban taɓa tambayar kaina ita ta ina take zuwa ba. Mata ba sa raka gawa a wurinmu, ba sa shiga maƙabarta. Tun ranar da aka fita da shi daga zaure, iyakarta ke nan.

Na daɗe a zaune. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma yi kuka, ni kaɗai a kan soro, da kayan aiki a jikina.

Da na sauko na same ta a ɗaki. Na kashe fankar don ta ji ni sosai, na durƙusa.

"Inna, na zauna a kujerarki."

Ta dubi bango. Can ta ce, "Ku maza kuna da ƙafar zuwa."

"Baƙin farantin ba ya kawo zafi. Ƙarya na yi miki."

"Na sani," ta ce. "Ɗan nan mai sola bai iya ƙarya ba, kai ma ba ka iya ba. Kunna min abin nan, zafi ake yi."

Na koma shagon abokina, wannan karon a ƙafa, don in samu lokacin shirya abin da zan ce. Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na zage shi a gabansu. Ya ce ba komai, amma har gobe in ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar gilashin taga. Ya karɓi shuɗin huɗu, wani mai shago daga Dagumawa ya saye su, ya zo ya sa mana baƙi biyu a gefen yamma. Rabin soron ya dawo fili, tabarma biyu cif, da kusurwar gabas a buɗe. Na kira magini ya yi matakala ta bulo a jikin bango, mai faɗi, da ƙarfen dafawa. Ranar da ta fara hawa ta tsaya a tsakiya ta huta, ta leƙo ƙasa ta ce, "Malamin makaranta, ashe kana da hankali." A rayuwata ban samu yabon da ya kai wannan ba.

Ta yi shekaru tana hawa matakalar nan. Shanyar ta ragu, daga tabarma biyu ta koma ɗaya, daga baya faifai guda, amma matan Kausani ba su daina biyowa ba, ko don gaisuwa. Wani lokaci in na dawo da wuri nakan hau in same ta. Ba ma magana. Ita tana kan kujerarta, ni ina goge baƙin gilashi, in na gama in ɗauko mata faifan mu sauko, ni a gaba ita a baya tana dafa kafaɗata. Sau ɗaya na kama ta ta ɗora barkono guda biyar a gefen farantin. Ta ce gwaji take yi, ta ga ko baƙin ya fi shuɗin saurin busarwa. Na ce yaya ta gani, ta ce ya fi.

A lokacin kaka Inna ta rasu, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinta, fankar Baba tana juyi. Muka yi mata sutura, muka fita da ita ta zauren da aka fita da shi. An samu wuri ba nisa da tsamiyar. Da muka dawo gida cike da mata, na shiga ina neman matata ban gan ta ba. Sai ga ta tana saukowa daga matakala, idanunta jawur, kujerar tsugunon a hannunta.

"Ana gani sosai," ta ce min. "Na raka ta har kuka gama."

Yanzu yara sun girma, kowa da wayarsa, ana ta maganar firiji. Abokina ya ce in na ƙara baƙi biyu komai zai wadata, ga wuri nan a soro yana zaman banza. Na ce masa a kafa ƙarfe a tsakar gida a ɗora su a can. Na karɓi kujerar daga hannun matata tun ranar jana'izar, na mayar da ita inda take.